Damin Gonar Aro

Ɗiyata ta uku malama ce, Ingilishi take koyarwa a kwaleji nan Filinge, kuma duk ranar da babu lakwal, wato makaranta, sai ta kwaso takardunta ta zo gidana ta baje su a kan tabarma, wai a gidanta yara ba sa barin ta ta yi aiki. Ban taɓa hana ta ba, don ba ta zuwa hannu rabbana, kullum da ɗan goronta. Abin da ba na so shi ne tambaya, ita kuwa ba ta gajiya da ita. Wata rana da hantsi, a tsakiyar kakar bara, ina zaune ina tufka igiyar akuya, ta ce za ta koya wa ɗalibanta kalmomin da masu Ingilishi suke faɗa idan mutum ya mallaki abu, tana so in taimaka mata da Hausarsu don yaran su gane. Na ce wannan ai ba wani aiki ba ne: ko ka gada, ko ka saya, ko a ba ka, ko ka fi ƙarfin mai shi ka ƙwace. Ta yi dariya ta nuna mini takardar, ga rubutu tun daga sama har ƙasa, ta juya bayanta, ga wani. Ta shiga karantawa, ni kuwa babu ko ɗaya da kunnena ya riƙe, sai ka ce wani yana tauna aya kusa da ni. Da ta ga haka sai ta koma bayani. Akwai kalmar soja in ya shiga gari, akwai ta gwamnati in ta karɓe filinka don a fitar da hanya, akwai ta attajirin da ya saye ɗan'uwansa da shagonsa gaba ɗaya, akwai ta wanda ya yi wuf ya riga kowa, da ta wanda ya lallaɓa a hankali har ragama ta dawo hannunsa ba a lura ba. Na ce mata mutanen nan ba su da wata sana'a ne sai karɓar kayan mutane?

Babban ɗana yana nan zaune a gefe. Ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne, kuma ko da ina faɗa, a wannan ranar ba zan faɗa ba. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa a bakin kasuwa, mutum ne da ba ya barin shagonsa da hantsi sai da dalili, shi ya sa tun shigowarsa nake jiran in ji abin da ya kawo shi. Sai ƙanwar tasa ta buɗe masa ƙofa ba ta sani ba.

"Har da wanda yad daɗe cikin wuri, Baba," in ji ta, "shina noma shekara da shekaru, mai wurin bai ce komi ba, har shari'a ta ce ya zan nashi. Shi ma suna da sunanshi."

Ɗana ya gyara zama. "Ka ji ko, Baba? Ko Turawa sun san da wanga. Ni abin da yak kawo ni ke nan. Gonag ga ta arewa, gari ya kusa cim mata. Mu tahi wurin mai gari ka ɗora yatsa a takarda, ka ce gado ta. Shaidu biyu kawai aka so, na samu."

"Shaidun mi?" na ce.

"Shaidun sun tashi sun iske ka ciki."

To, sun tashi sun iske ni a ciki, wannan gaskiya ne. Ni ma na tashi na iske mahaifina a ciki. Amma gonar ba tamu ba ce, aro ce, kuma a duk garin nan yau ni kaɗai na rage wanda ya san haka.

Yaran yanzu in ka ce musu aron gona sai su ɗauka kamar aron tsani ne, ka jingina ka hau ka mayar. A lokacinmu mutum yana iya aron gona ya tsufa a cikinta, ɗansa ma ya tsufa a cikinta, babu wanda zai ɗaga masa murya, amma kowa ya san iyakarsa. Ba ka dasa itace a gonar aro. Ba ka gina rijiya. Ba ka taɓa gambar da aka shuka a kan iyaka, ko da kuwa ta ci maka kunya guda. In gawo ya tsiro da kansa ka bar shi, Allah ya shuka, amma hannunka kada ya sa komai a ƙasa wanda zai fi ka daɗewa. Sannan abin da ya fi duka: kowace kaka, kafin hatsi ya shiga rumbu, sai ka zaɓi dami ɗaya ka kai wa mai gona. Ɗaya tak, ko ka samu ɗari ko ka samu goma. Ba haya ba ce, don mai gonarmu yana da rumbuna jere har bayan gida, daminmu ko tsuntsayen gidansa ba zai ƙosar ba. Shi mai gonar dattijo ne dogo mai farin gemu, kakanninsa ne suka sare dajin wurin tun ba a san za a yi gari ba, mahaifina kuwa baƙo ne da ya zo daga gabas da jaki ɗaya da hauya, ya roƙa aka ba shi.

Ina tuna kakar wancan zamani da kunne fiye da ido. Tun da asuba ake jin maza suna kwantar da kara, ƙas-ƙas, daga wannan gona zuwa waccan, wani ya ɗaga murya ya gaida wani ba tare da sun ga juna ba. Da rana ta ɗaga sai luguden mata ya tashi daga masussuka, taɓarya uku huɗu a turmi ɗaya, wata ta jefa tata sama ta tafa hannu ta cafe. Raƙuman mutanen Bonkuku suna wucewa da dammuna suna gurnani kamar an zalunce su. Makiyaya suna bakin daji suna jiran a saki gonaki, ana jin kukan maruƙansu idan iska ta juyo. Mu kuma aikinmu tsince zangarniyar da ta faɗi, da ɗebo ruwa, da gasa tumu a ɓoye muna ƙona yatsu. Yau ka fita da kaka, babura kawai za ka ji da rediyon salula. Rabin hatsin an sayar da shi tun yana tsaye, sauran a zuba a buhu a kulle a ɗaki kamar ana ɓoye ɓarawo. Rumbun ma yara ba su iya ɗaurawa ba, in ka yi magana su ce gara ke ci.

Mahaifina ba ya barin kowa ya zaɓi damin mai gona. Zai zagaya tarin yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, ya zare zangarniya ya murza a tafin hannu ya hura, sai ya samu wanda tsabarsa ta fi cika. Mahaifiyata takan tsaya daga nesa tana ƙunƙuni, wai mutumin da ba ya buƙata shi ake zaɓar wa mai kyau, mu a bar mu da na tsutsa. Ba ya ko waiwayarta. Tun ina ƙarami shi yake ɗauka ina bin sa, da wuyana ya yi ƙwari sai ɗaukar ta dawo kaina. Wanda bai taɓa ɗaukar damin hatsi a ka ba bai san ƙaiƙayi ba. Yana zubo maka ta wuya, ya bi gadon baya, ya haɗu da gumi, hannayenka biyu kuma suna sama suna riƙe da kaya, babu halin susa. Haka za mu isa zauren dattijon, inda kullum akwai tsofaffi uku ko huɗu a zaune. In sauke, mu durƙusa mu gaisa. Shi kuma ya ɗora hannu a kan damin ya dubi na zaune ya ce, "Kun gani?" Su ce, "Mun gani." Ya ce, "Allah shi kai mu baɗi." Shi ke nan. Sau da yawa kafin la'asar an dama fura da hatsin an aiko mana da ƙwarya guda, har mahaifiyata ta ce to me aka yi ke nan, an wahalar da yaro a banza.

Shekarar da na fara jin kaina saurayi ce na yi abin da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Akwai wata yarinya da gidansu yake daidai gaban zauren dattijon, na fara zuwa zance wurinta, na sayi hula har da ɗan madubi. Yayyenta kuwa ba su da aiki sai tsokana, sun riga sun sa mini suna Ɗan Dami. A shekarar mahaifina ya taka ƙaya ya ji ciwo a ƙafa, ya ce in kai ni kaɗai. Na ɗauka, na tsaya a bayan gari har na ji an kira azahar, na tabbata maza sun tafi masallaci. Sai na bi ta bayan gidaje, ta wurin turakun awaki, na leƙa ta saman darni na kira matar dattijon, na tura mata damin ta karɓa, na juyo da gudu. A raina na ce hatsi dai ya isa inda aka aike shi, ban rage ko zangarniya ɗaya ba, wa zai ce na yi laifi?

Da na dawo mahaifina yana zaune ya miƙe ƙafar. Ya dube ni ya ce, "Ka yi sauri. Wa ka iske zaure?"

"Ba kowa, Baba. Sun tahi masallaci."

"Wa yag gane ka?"

"Inna ta gidan. Ita na ba."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kashegari ranar kasuwa ce. Ya ɗaure ƙafarsa da tsumma, ya ɗauki sanda, ya ce in biyo shi. Muka je zauren, ya gaida dattijon, sannan ya ce, "Na zo amsar damin jiya. Ba a kawo shi ba tukuna." Dattijon ya dube ni, ya dubi hulata, ya yi dariya har gemunsa yana rawa, ya sa aka fito da shi. Muka koma da dami har ƙofar gidanmu, mahaifina ya sa na sauke, ya sa na sake ɗauka. Daga gidanmu zuwa gidan dattijon hanya ba ta bi ta kasuwa, amma ranar ta bi. Ta wurin masu gishiri, ta wurin mahauta, ta tsakiyar masu tabarmi, yana gaba yana ɗingishi ina baya, duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya amsa masa da ƙarfi cewa damin gonar wane ne za mu kai. Ƙaiƙayi yana cina, hawaye yana cina, ban san wanda ya fi ba. Da muka iso, yarinyar tana ƙofar gidansu da yayyenta duka, har da wasu da ban san tana da su ba.

A hanyar komawa ne ya yi mini magana, ba tare da ya dube ni ba. "Damin ga ba na cikinshi ba na, na idon gari na. Ran da ni da shi munka mutu, wanda yag gani shi ka hwaɗi. In ka kai a ɓoye, ka ba shi hatsi ka amshe mai gona." Na yi fushi da shi har aka gama sussuka. Yarinyar kuwa ita ce uwar waɗannan yaran nawa, kuma har ta koma ga Allah, duk ranar da na yi mata taurin kai sai ta ce, "Ɗan Dami, a biyo da kai ta kasuwa?"

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don ban zauna nan in wanke kaina ba. Dattijon ya rasu, ɗansa ya ci gaba da ɗora hannu. Mahaifina ya rasu, na ci gaba da kaiwa. Sai shekarun yunwa suka zo, waɗanda suka watsa gidaje da yawa a ƙasar Kurfai, ɗan dattijon ya kwashi iyalinsa ya tafi Yamai neman abin yi, can ya rasu. Zauren ya faɗi, aka kwashe ƙasarsa aka yi bulo. Kaka ta zo, na zaɓi dami, babu inda zan kai. Shekara biyu ko uku ina kai wa liman ya yi sadaka da sunansu, daga nan sai na fara cewa baɗi. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce na ji daɗi. Duk shekarar da ta wuce ba wanda ya tambaya, sai in ji gonar ta ƙara zama daidai a ƙarƙashin ƙafata. Tsofaffin da suka ce sun gani suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Har ɗana ya dasa darbejiya uku a gefen gabas don inuwa, ina gani na kau da kai. Don haka ranar da ya ce in ɗora yatsa, ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Hanyar da na share ya biyo, shi dai ya zo da takarda.

Na ce masa ba zan yi ba. Ya ce me ya sa, na gaya masa duka, ƙanwarsa ta ajiye alƙalami tana saurare. Ba mugun yaro ba ne, kuma maganarsa tana da ƙafa, shi ya ƙara ɓata mini rai. "Baba, taki nawa munka zuba wurin ga? Wa yat tare kwazazzabon da yaz zo cinye ta? Mutanen ga ba su san da ita ba, ba su nema ba. In ba mu rubuta ba wani ka rubutawa, ko mu ko su ba mai samu. Jikokinka hwa, mi za ka bar musu?" Na ce zan bar musu abin da aka bar mini. Ya ce hauya da jaki ke nan, jakin ma ya mutu. Na juya wurin malamar na ce ta duba takardarta, ko masu Ingilishin suna da kalmar wanda ya riƙe abu tun yana yaro har ya yi furfura yana sane ba nasa ba ne. Ta ce za ta bincika. Na ce ta bar shi, ba don in sani na tambaya ba.

Kwana uku ina tambaya a gari kafin wata tsohuwa ta gaya mini cewa ai jikar dattijon tana nan Filinge, aure ya dawo da ita, mijin ya rasu, ita ce mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Na sha sayen ƙosanta, na sha yi mata ƙorafin ta cika yaji, ban san a gonar kakanta na samu abin sayen ba. Ranar kasuwa na je gona na zagaya tarin, na murza na hura, na zaɓa. Wuyana ba zai ɗauka ba yanzu, sai na ari jakin maƙwabcina na ɗaura. Na biya na ɗauki liman da wasu dattawa biyu, na ce su raka ni, ban gaya musu ina ba. Muka bi ta kasuwa. Na bi ta gaban shagon ɗana da gangan, yana tsaye yana sallamar mai saye, ya gan ni, ya gane, ya shige ciki. Mutane suna tambaya ina amsawa da ƙarfi, amma sunan dattijon da nake faɗa babu wanda ya san shi. Wasu samari suka ɗaga salula suna ɗaukar hotona suna dariya, wai tsoho ya fito talla da dami ɗaya.

Ba ta da zaure. Ɗaki ɗaya ne na haya da ƙofar ƙarfe, tana zaune a bakinsa tana wanke wake. Na sauke damin a gabanta, ta tashi tana goge hannu a zani.

"Baba, zakka ta? Allah shi saka."

"Ba zakka ba ta, ɗiyata. Damin gonak kakanki na. Ta arewa, wadda ni ka noma. Aro ta, tun ubana. Na makara da shi shekaru da yawa, ki yahe mini."

Ta tsaya tana kallona kamar na yi mata wani yare. Na ce ta ɗora hannu a kai, ta ɗora. Na ce ta tambayi waɗannan ko sun gani, ta tambaya. Dattawan nan, masu furfura kamar ni, suka yi tsuru suna duban juna. Na ce, "Ku ce kun gani mana!" Ɗaya ya ce, "To mun gani, ai ba makahi muke ba." Liman kaɗai ya gane, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ita kuwa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale tana kuka, tana cewa ita ba ta san suna da ko taki ɗaya a garin nan ba. Da ta natsu ta ce za ta kira yayyenta maza biyu da suke Yamai.

A raina, ba zan ɓoye ba, na sa ran za su ce in ci gaba da noma ina kawo dami kamar da. Haka kakansu zai yi. Suka zo da rani a mota, mutanen kirki, suka durƙusa har ƙasa, suka kawo mini shadda da turare, suna ta cewa irina sun ƙare a duniya. Muka je wurin mai gari, na ɗora yatsan nan dai da ɗana ya nema, a takardarsu. Wata bai cika ba sai ga masu awo da igiya da turakun siminti. Aka yanka gonar fili-fili aka sayar. Ban ga laifinsu ba, ba manoma ba ne, kuma tasu ce, mai abu ba a tambayarsa dalili. Ƙanwarsu mai ƙosai ta samu rabonta, ta fita daga haya, ta gina ɗaki biyu, duk ranar Juma'a tana aiko mini da ƙosai ba yaji. Wannan yana sanyaya mini rai, amma ba ya kai har ƙasa.

Ɗana ya yi wata biyu bai taka gidana ba. Da ya zo, ya gaishe ni a tsaye, ya ce, "To, Baba, ga shi nan. Ba ita ka noma ba, ba mu ka noma ba. Ka ji daɗi?" Na ce masa ya zauna ko ya fita, ba a tsaya mini a ka. Ya zauna. Waɗanda suka sayi filayen a wurinsa suke sayen siminti, shi yake aika musu da shi har cikin gonar, wannan ma ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Mutane kuma sun rabu biyu a kaina, masu cewa na yi amana da masu cewa tsufa ne ya taɓa ni, kuma duka biyun suna gajiyar da ni, don babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin ƙaiƙayin nan a bayansa. In aka ce a mayar da ni ranar, zan sake ɗaura wa jakin dami, na sani, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Mahaifina da ya rasu tun ina da ƙarfina har yau shi yake gaba ina baya.

Bana ruwan shuka ya sauka da la'asar, mai yawa, irin wanda yake jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Da safe bayan salla ban yi tunanin komai ba. Na shiga ɗaki na ɗauko sungumi, na ɗebi iri a ƙwarya, na sa takalmi, na fito. Unguwa duk ta tashi, maza da mata suna wucewa da sauri, kowa ya nufi tasa. Sai da na kai bakin hanyar arewa na hango bulo jere inda kunyoyina suke, sannan na tuna. Wani maƙwabci ya wuce a kan amalanke ya ɗaga mini hannu ya ce, "Baba, a yi shuka lahiya!" Na ce amin. Na tsaya a wurin da iri a hannu har hanya ta yi shiru, don kada a ga lokacin da na juya.